Gamba da Bambancin Irinta: Tsokaci Kan Ciyawar da Kalmominta a Hausa

1.0 Gabatarwa

Kaɗan ne daga cikin kalmomin Hausa suka ƙetare teku suka zauna daram a bakin al'ummomin da ba su taɓa jin Hausa ba. Kalmar gamba tana cikinsu. A yau makiyayi a ƙasar Kolambiya da ma'aikacin kashe gobara a arewacin Ostareliya duk da wannan suna suke kiran ciyawar da Bahaushe yake saƙa zana da ita. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda gambar daji take bambanta da junanta ta fuskar gado daga wannan yanki zuwa wancan, da dalilan bambancin, da abin da yake jawowa idan an kula da shi ko an yi sakaci. Za a ɗauki birnin Bauchi, musamman gundumar Ɗan Iya da karkarar da take ciyar da birnin, a matsayin wurin kafa misali. Tun da yake masu nazarin harshe ake yi wa bayani, za a kuma duba kalmomin da Hausa take da su na wannan fanni, da waɗanda take buƙata.

2.0 Gamba a Idon Bahaushe

Gamba doguwar ciyawa ce mai fitowa a dunƙule, gindi-gindi, tsawonta kan kai mita uku, wani lokaci har huɗu. Masana tsirrai suna kiranta Andropogon gayanus, sunan da wani Bajamushe, Kunth, ya raɗa mata a 1833. Abin da ya raba ta da irin su kyasuwa da ƙarangiya shi ne, waɗannan damina ɗaya suke yi su mutu, sai 'ya'yansu su tsiro baɗi. Ita kuwa gamba samanta ne kawai yake bushewa da rani, gindin yana nan da ransa shekara da shekaru. Saiwoyinta iri uku ne, kamar yadda Bowden ya nuna a binciken da ya buga a 1963: akwai sirara da suke shimfiɗe kusa da saman ƙasa suna tsotse ɗan yayyafi, akwai masu kauri da suke ajiye abinci suna kuma riƙe gindin, akwai masu nitsewa ƙasa neman laima. Wannan ne ya sa takan yi toho bayan gobarar daji ko da saukar ruwan farko, lokacin da sauran ciyayi ba su ko motsa ba, dabbobi kuma suna cikin tsananin yunwar bazara.

A unguwannin cikin birnin Bauchi irin su Ɗan Iya, gamba ba ta tsirowa a ƙofar gida, amma ta daɗe tana shigowa gida. Daga karkara ake kawo ta bayan kaka, ko dai a dami ko a saƙe. Da ita ake zanan da ake kewaye gida ko makewayi ko turken dabbobi, ana rufa rumfa da ita, ana sa ta a jinka, almajirai kuma suna fere alƙalami daga karanta. Yanzu bulo da kwano sun karɓe mafi yawan wannan aiki a birni. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, yaron da ya tashi a gidan siminti yana iya sanin kalmar zana a karatu, amma ya kasa nuna gamba a cikin tofa da jema. Idan abu ya fita daga rayuwar yau da kullum, sunansa kan bi shi a hankali.

An daɗe da taskace sunan a rubuce. Yana cikin littafin Dalziel na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, da babban littafinsa na 1937 kan tsirrai masu amfani a Afirka ta Yamma, haka kuma yana cikin ƙamusun Bargery na 1934. Daga baya masana kiwo a Nijeriya suka faɗaɗa ma'anar kalmar a Ingilishinsu, suka kira wannan ciyawa gambar arewa, suka kira 'yar'uwarta Andropogon tectorum, mai son inuwa da yawan ruwa, gambar kudu.

3.0 Matsalar Kalmomin Fannu

Kafin a shiga bayanin kimiyya, wajibi ne a daidaita kalmomi. Bahaushe ya san gado sarai, shi ya sa yake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya kuma san cewa ɗa kan saɓa wa asalinsa, shi ya sa yake cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Inda wahalar take shi ne kalmar iri, wadda take ɗauke da kaya da yawa. Iri shi ne ƙwayar da ake shukawa, iri shi ne kashi ko rukuni kamar a ce irin wannan tufa, iri kuma shi ne asalin zuriya kamar a ce mai irin kirki. A hirar yau da kullum wannan ba ya kawo ruɗani, amma a bayanin kimiyya yana kawowa.

Saboda haka a wannan maƙala an keɓe kalmomin kamar haka. Jinsi shi ne gamba gaba ɗayanta, a matsayin abin da ya bambanta da tofa ko kyasuwa. Nau'i shi ne babban rabo a cikin jinsin, wanda masana suka ba suna. Gungu shi ne taron gindin gamba da suke tsiro a wuri ɗaya suna barbara da juna, kamar na wata fadama ko gefen wani dutse. Iri kuwa an bar shi ga wanda ɗan Adam ya zaɓa ya sa wa suna yana rabawa manoma. Ƙwayoyin gado su ne umarnin halitta da tsiro yake karɓa daga iyayensa, waɗanda suke rubuce a sinadarin DNA. Bambancin gado kuma shi ne yawan saɓanin da ke tsakanin waɗannan ƙwayoyi a cikin gungu ɗaya, ko tsakanin gungu da gungu.

4.0 Tushen Bambancin

4.1 Barbara ta Hanyar Iska

Gamba tana cikin tsirran da iska take ɗaukar bununinsu daga wannan gindi ta kai wa wancan, kamar gero da masara. Ma'ana, kowace ƙwaya tana da uwa da uba daban, kuma kowane gindi da ya tsiro daga ƙwaya haɗi ne sabo wanda ba a taɓa yin kamarsa ba. Wanda ya tsaya a saurar da gamba ta cika, ya duba da kyau, zai ga wani gindin ganyensa na da gashi har ya yi toka-toka, wani sumul, wani ya yi kara da yawa ganye kaɗan, wani kuma ganye ya rufe shi. Tun da gindi yana rayuwa shekaru da dama, tsofaffi da sababbi suna barbara da juna, sai gungun ya zama rumbun da yake riƙe da halayen da suka yi amfani a shekarun fari da na ambaliya duka.

A nan akwai tambaya mai muhimmanci: yaya za a gane cewa bambancin na gado ne, ba na wurin zama ba? Gindin da ya samu taki da laima dole ya fi na kan tsakuwa girma. Hanyar da masana suke bi ita ce su tattaro gamba daga wurare daban-daban su dasa a fili ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Duk bambancin da ya ɓace, na muhalli ne. Wanda ya ƙi ɓacewa, shi ne na gado.

4.2 Nau'o'i Huɗu

Masana sun raba gamba zuwa nau'i huɗu, bisa la'akari da gashin da ke jikin ƙananan gaɓoɓin kanta, wato ko gashin yana gefe ɗaya ko gefe biyu, da kuma ko kwanson furen yana da gashi ko babu. Kowane nau'i yana da wurin da ya fi so. Nau'in gayanus ya fi zama a fadamu da wuraren da ruwa kan kwanta da damina. Nau'in tridentatus na yankin Sahel ne, inda ruwa ya yi ƙaranci ƙasa kuma rairayi ce. Nau'in squamulatus, wanda wasu suke kira polycladus, yana son ƙasar da ba ta riƙe ruwa, kuma shi ya fi yaɗuwa a nahiyar, har gabashi da kudancinta. Nau'in bisquamulatus kuwa na dajin Afirka ta Yamma ne, mai ƙarfi da yawan ganye. Inda nau'o'in suka haɗu akan sami masu kama da wannan da wancan, don haka iyakar da ke tsakaninsu ba katanga ba ce.

4.3 Adadin Kuromosom

Ƙwayoyin gado suna jere ne a kan wasu zarurruka da ake kira kuromosom, waɗanda suke cikin kowane ɗan ɗakin halitta na jikin tsiro. A dangin gamba, tsari ɗaya yana da kuromosom 10. An sami gamba mai tsari biyu, wato 20, an kuma sami mai tsari huɗu, wato 40. Amfanin sanin wannan shi ne, idan mai 20 ta yi barbara da mai 40, abin da za a samu shi ne mai 30, wanda ba ya rabuwa daidai lokacin yin bununi, saboda haka yawanci ba ya haihuwa sosai. Ke nan gungu biyu suna iya zama kusa da juna, ido yana ganin ciyawa ɗaya, Bahaushe yana kiransu da suna ɗaya, alhali gadonsu ba ya cuɗanya yadda ake zato.

4.4 Lokacin Fitar da Kai

Wannan shi ne bambancin da ya fi shafar rayuwar ciyawar. Gamba ba ta fitar da kai sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina. Amma ƙarshen damina ba ɗaya ba ne ko'ina. A 1962 Foster ya buga sakamakon aikinsa kan gambar Arewacin Nijeriya, wanda ya yi da nufin fitar da ingantaccen iri, inda ya nuna cewa gambar da aka ɗebo daga wurare daban-daban tana saɓawa ƙwarai a lokacin fitar da kai ko da an shuka ta wuri ɗaya, ta wuraren gajeriyar damina tana riga ta wuraren doguwar damina. Curtis ya sami irin wannan a dawar Nijeriya a 1968: kowace dawar gargajiya tana fitar da kai daidai da lokacin ɗaukewar ruwa a garin da ta fito.

Jihar Bauchi misali ce mai kyau a nan, domin ta miƙe daga busasshiyar ƙasar Katagum da Gamawa a arewa, ta bi ta birnin Bauchi inda ruwan shekara yake kai kimanin milimita dubu, har zuwa tsaunukan Dass da Toro da Tafawa Ɓalewa inda damina ta fi tsawo. Gambar da ta saba da doguwar damina, idan aka kai ta arewa, ruwa zai ɗauke kafin ta cika ƙwaya. Wadda ta saba da gajeriya kuma, idan aka kawo ta kudu, za ta yi saurin fitar da kai ta tsufa tun ana tsakiyar ruwa, ganyenta ya yi tauri dabba ta ƙi shi. Kowane gungu yana ɗauke da kalandar garinsu a cikin gadonsa.

5.0 Kwatanci da Karin Harshe

Mai nazarin harshe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Hausa ɗaya ce, amma akwai Sakkwatanci da Katsinanci da Kananci da Zazzaganci da Bausanci da Guddiranci, kuma matafiyi ba ya iya nuna gonar da wannan kari ya ƙare wancan ya fara. A Bausanci, alal misali, akan ji an ce ya wanke mota wa Audu, inda Bakano zai ce ya wanke wa Audu mota. Irin wannan siffa tana da yankinta, tana kuma raguwa a hankali yayin da ake nisa da shi. Haka halayen gamba suke sauyawa daga arewa zuwa kudu. Cuɗanyar masu magana ta hanyar kasuwa da aure ita ce take hana kare-karen harshe rabuwa, kamar yadda iska mai ɗaukar bununi take haɗa gungu da gungu. Kwatancin ma ba sabo ba ne, domin Darwin ya yi shi a littafinsa na 1859, masanin harshe Schleicher kuma ya mayar da martani a kansa a 1863.

Sai dai kwatancin yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Harshe koyonsa ake yi; ɗan Bauchi da aka raina a Sakkwato Sakkwatanci zai yi. Gambar Bauchi kuwa ko ina aka kai ta da gadonta za ta tafi. Haka nan karin da aka rubuta ko aka ɗauka a faifai ana iya nazarinsa bayan masu shi sun shuɗe, amma gungun gambar da aka nome aka ƙone ba tare da an ajiye ƙwayarsa ba, ya tafi ke nan.

6.0 Daga Shika Zuwa Ƙetare

Tarihin fitar gamba waje ya nuna darajar wannan bambanci, ya kuma nuna haɗarinsa. An kafa gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya a 1928, wadda a 1976 ta zama Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga nan ne a 1973 aka kai ƙwayar gamba, nau'in bisquamulatus mai kuromosom 40, zuwa cibiyar binciken noma ta CIAT da ke kusa da birnin Kali a Kolambiya, aka ba ta lamba 621. A can aka tarar tana jure ƙasa mai tsami da ƙarancin taki, tana jure dogon rani da wuta, kuma wani ƙwaro mai kumfa da ya addabi sauran ciyayin kiwo na yankin bai cika yi mata illa ba. A 1980 aka fitar da ita ga makiyaya a Kolambiya da sunan Carimagua 1, a Barazil kuma da sunan Planaltina. Wasu ƙasashen yankin, irin su Peru da Benezuwela da Panama da Meziko, suka biyo baya, kowace da sunan da ta raɗa mata.

Abin lura shi ne, sunaye sun yi yawa amma asalin ɗaya ne. Makiyayan ƙasashe da dama sun dogara ga ɗan abin da aka ɗiba daga wuri guda a ƙasar Zazzau. Wannan ya yi kama da yadda aka ɗauki kari ɗaya aka gina Daidaitacciyar Hausa a kansa: an sami sauƙin yaɗawa, amma an bar dukiya mai yawa a baya. Da aka ga tururuwa masu yankan ganye suna cinye ƙananan tsiron a can, kuma tsiron yana jinkirin kafuwa, masu gyaran iri sai suka koma neman halayen da za su magance haka a cikin ɗan bambancin da ke hannunsu. Babban rumbun irin waɗannan halaye yana dazuzzukan Afirka ta Yamma.

Labarin Ostareliya daban ne. An shigar da gamba can tun 1931, aka fitar da wani iri mai suna Kent a 1978 domin kiwon shanu a arewacin ƙasar. Inda shanu suke cinta tana da amfani, amma da ta tsallake shinge ta shiga daji sai ta fi ƙarfin ciyayin ƙasar, waɗanda ba su kai ta tsawo da kauri ba. Binciken da aka buga a 2003 ya nuna cewa gobarar dajin da gamba ta mamaye tana iya ninka ta ciyayin ƙasar zafi har sau takwas, tana kashe manyan itatuwa. A 2008 hukumomin yankunan arewacin ƙasar suka ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 kuma aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasa baki ɗaya. Ta fuskar ma'ana, kalmar da take nufin rufin asirin gida a bakin Bahaushe ta koma sunan annoba a bakin Bature. Halayen da suka sa ta zama alheri a nan, wato jure wuta da saurin toho, su ne suka sa ta zama masifa a can, inda babu masu yankan zana, babu kuma abokan gabar da suka taso tare da ita.

7.0 Halin da Ake Ciki a Gida

Yayin da wasu suke kashe kuɗi don kawar da gamba, a mahaifarta raguwa take yi. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun kashe ta a wurare da yawa na Sahel, ciyayi masu damina ɗaya suka maye gurbinta. Ƙaruwar jama'a ta sa an daina barin saura ta huta shekaru, alhali gamba sai a tsohuwar saura take kafuwa sosai. An cinye burtali da makiyaya da gonaki da gine-gine, duk da dokar keɓe makiyaya da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1965. Kiwo mai tsanani da damina yana raunana gindin, yanka kafin ƙwaya ta nuna yana hana sabon tsiro, maganin feshi kuma ba ya bambanta ta da sauran ciyawa.

Illar wannan ga gado ta wuce abin da ido yake gani. Idan babban gungu ya tsattsage ya zama 'yan gindi kaɗan a nan da can, bununi ba ya isa daga wannan zuwa wancan, sai dangi na kusa su riƙa barbara da juna, halaye masu wuyar samu kuma su ɓace ta hanyar tsautsayi kawai. Ana iya ganin gamba a bakin hanya a ɗauka lafiya lau take, alhali rumbun gadonta ya kusa zama fanko.

Akwai wuraren da suka rage. Gandun dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956 mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, da gandun Lame-Burra, suna riƙe da dajin da garma ba ta shiga ba. A ƙasar Hausa ta Nijeriya da Nijar kuma manoma sun daɗe suna barin gamba ko dasa ta a kan iyakar gona, ta zama shaida tsakanin maƙwabta, ta tare iska da zaizayar ƙasa, ta ba da zana a ƙarshen shekara. Wannan al'ada ajiyar gado ce, ko da mai gonar bai kira ta haka ba. Ta ɓangaren hukuma akwai cibiyar adana irin tsirrai ta ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1987, akwai kuma rumbunan irin ciyawar kiwo na duniya a Adis Ababa da Kolambiya. Yarjejeniyar Riyo ta 1992 da ta Nagoya ta 2010 sun tabbatar wa kowace ƙasa iko a kan irin wannan dukiya, da haƙƙin samun rabo daga amfanin da aka yi da ita, har da ilimin gargajiya da ke tattare da ita.

8.0 Kammalawa

An ga cewa gamba jinsi ɗaya ce mai nau'i huɗu da gungu masu yawa, waɗanda suka saɓa a gashi da yawan ganye da adadin kuromosom da lokacin fitar da kai, kuma wannan saɓani shi ne abin da take jure sauyin yanayi da shi. A nan masu nazarin harshe suna da aiki iri biyu. Na farko shi ne tattara kalmomin da masu saƙar zana da masu baibaya da makiyaya suke bambanta ciyawa da su, a Hausa da Fulfulde da sauran harsunan ƙasar Bauchi irin su Jaranci da Geranci da Sayanci, tare da rubuta wurin da aka ji kowace kalma da samfurin tsiron da ake nufi. Mai sana'ar da ya ce gambar wuri kaza ta fi ƙarko a zana, wataƙila yana nuni ne ga bambancin gado da masanin tsirrai zai so ya gwada. Na biyu shi ne daidaita kalmomin fannu, domin malamin makaranta da malamin gona da mai shirin rediyo su yi magana da murya ɗaya. Dattawan da suka san waɗannan sunaye suna nan a Ɗan Iya da ƙauyukan da ke kewaye da birnin, kuma tambayarsu ba ta buƙatar wani ɗakin gwaji, sai littafi da alƙalami da zuwa a kan lokaci.